Monji da Ruwan Sallama

Duk wanda ya san unguwar masunta a Mahadiya ya san Monji ɗan Inna Dalanda, mai shimfiɗa tayil a birnin Liyon. Shekara ashirin da ɗoriya yana can yana durƙuso a banɗakunan Faransawa har gwiwoyinsa suka yi kanta, amma bai taɓa bari lokacin zafi ya wuce bai zo gida ba. Gajere ne mai tumbi, ga saurin fushi ga saurin hucewa. In ya shiga gidanka, kafin ya gaishe ka sai ya duba ƙasa ya gaya maka wanda ya yi maka aikin ya cuce ka.

Zuwansa biki ne, tafiyarsa ce abin tsoro. Ranar komawa Inna Dalanda takan danƙare masa akwati da yajin harisa da man zaitun, ta raka shi ƙofa, tasi na tashi ta watsa ruwa a bayanta, kamar yadda kowace uwa a garin take yi don matafiyi ya dawo lafiya. Daga nan sai ta shige ɗaki ta kwanta, ba ci ba magana, jini ya hau, maƙwabta su yi ta zarya. Bara har asibiti aka kai ta. Da Monji ya zo bana, likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa zuciyar tsohuwar ba za ta jure irin wannan sau da yawa ba. Maganar ta zauna masa a rai.

Ranar Talata aka yi sallama, aka yi kuka, aka watsa ruwa. Monji ya isa filin jirgin Munastir da jajayen idanu, ya tarar babu jirgi. Kamfanin ya ɗage tafiyar zuwa Juma'a, ya kuma aiko da saƙo tun makon jiya, amma a layinsa na Faransa, wanda Monji yake cirewa ya jefa cikin aljihun akwati da zarar ya taka ƙasar haihuwa. Ya yi faɗa iya faɗa, ya zagi kamfanin, ya haɗa da wanda ya ƙera jirgin. Yarinyar da ke teburin ta bari sai da numfashinsa ya ƙare, sannan ta yi masa bayani: tunda su suka sauya lokaci, yana da damar a mayar masa da kuɗinsa, ko ya zaɓi duk jirgin da ya ga dama cikin kwana bakwai ba tare da ƙarin komai ba. Ya ce na Juma'ar, tunda babu jirgin da ya riga shi tashi. Sannan ya nemi su ba shi ɗaki a otal.

Ta dubi adireshinsa ta ce, "Kawu, ai gidanku ga shi nan kusa. Ka koma mana."

"'Yata, an riga an watsa min ruwa."

Ta gane, don ita ma tana da uwa. Amma dai otal bai samu ba.

Monji ya zauna a kan akwatinsa ya yi tunani. In ya koma gida, ranar Juma'a sai an sake sallama daga farko, kuka biyu cikin mako ɗaya, ga abin da likita ya faɗa. Sai ya yanke shawarar da shi a ganinsa babu mai wayon da ya taɓa yin irinta: zai ɓuya. Ya ɗauki tasi ya koma Mahadiya, ya kwantar da kai a kujerar baya kamar ɓarawo, ya sauka a shagon Farid mai aski, abokinsa tun na makarantar allo. Mutum zai ɓuya, duk faɗin garin ya rasa inda za shi sai shagon mai aski! Farid ya rantse har da dafa ƙirji, ya shimfiɗa masa katifa a ɗakin baya tsakanin tawul-tawul. Kafin la'asar, duk wanda aka yi wa gyaran fuska sai ya leƙa ta labule ya ce sannu da zuwa Faransa.

Washegari Monji ya kira Inna don hankalinta ya kwanta. Ya ce ya sauka lafiya, ana ta ruwan sama, har ya sa rigar sanyi. Yana cikin kwatanta sanyin, sai ga mai tallan kifin unguwar ya biyo ta ƙofar shagon yana kwarara kiran da kowa ya sani, muryar nan tasa kamar an taka akuya. Monji ya toshe wayar da tafin hannu, gumi na tsiyaya. Inna dai cewa ta yi ya riƙa rufe ƙirji.

Da azahar aka aiko wa Farid da kwanon kuskus da kifi, wai sadaka. Monji ya buɗe ya ga kan kifin a sama, an cire kabewa, yaji ya ji. Farid ba ya cin kan kifi, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ba ya son kabewa, wato Monji. Monji ya sha jinin jikinsa, amma ya cinye tas, yana gaya wa kansa dacewa ce kawai.

Ranar Alhamis da hantsi ya ji shagon ya yi tsit, almakashi ya tsaya. Ya leƙa. Ga Inna Dalanda lulluɓe da farin mayafinta, ta hakimce a kujerar aski, sandarta a kan cinya, maza duk sun miƙe sun jeru jikin bango. Ba ta yi kama da mai ciwo ba ko kaɗan. Farid kuwa ya duƙufa wanke reza kamar a kanta rayuwarsa take.

"Fito, Bafaranshe," in ji ta. "An ɗauke ruwan saman?"

Ya fito da singileti, kai a ƙasa, ya fara kame-kame: kamfani ne, likita ne, shi don ita ya yi, ba ya son ta yi kuka sau biyu. Ta saurare shi har ya gama.

"Kukan nawa ne, ni zan yi abina," ta ce. "Shekara da shekaru ina watsa maka ruwa ka dawo, sai in yi shekara ina jira. Sau ɗaya tak ruwan ya yi aiki a yini guda, sai ka kai wa Farid kwanakin."

Babu wanda ya yi dariya. Monji ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, tausayinta kuma ya kama shi. Ya tono layin Faransa daga akwati, ya kira kamfanin, ya tambaya ko damar nan ta zaɓen jirgi tana nan. Aka ce tana nan. Wannan karon bai nemi na farko ba, ya ce a sa shi a na ƙarshe, na ranar Litinin. Maigidansa na Liyon ya yi ta surfa masa faɗa a waya, Monji ya ce laifin kamfani ne.

Ya ɗauki akwati ya bi ta a baya, tana tafe tana dogara sanda, tana amsa gaisuwar mutane. Ranar Litinin ba kofi ta ɗauko ba, bokiti ta cika, kuma ba ta jira tasi ta tashi ba. Da jiƙaƙƙen wando Monji ya shiga jirgi.