Babban Yatsan Mai Aski

Ma'aikaciyar jinyar ba ta tambaye shi sana'arsa ba. Guntayen gashi a bakin hannun rigarsa da kantar almakashi a yatsunsa sun isa shaida. Dattijo ne siriri, gemu a gyare tsaf, sai dai tudun naman gindin babban yatsansa na dama ya zube, ya zama rami.

Bakinsa ba ya hutawa. "Ƴata, gajiya ce kawai. Jiya ma kai goma na aske."

Ta ji irin wannan har ta ƙoshi. Likita ya soka masa a gindin yatsan siririyar allura mai waya haɗe da wata na'ura, wadda ke jiyo wutar da jijiya ke aika wa tsoka, ya ce, "Baba, tura yatsana da naka."

A lafiyayyen hannu, na'urar kan ɓarke da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Nan kuwa sai ɗigo ɗaya-ɗaya. Dattijon yana cije leɓe, yana karkata kafaɗa, hagunsa na sulalowa tana tallafar dama, shi bai ma sani ba. Da gani ya yi watanni yana aski haka, yana kare madubi da jikinsa kada mai shago ya lura.

"Baba, janye hagun," in ji ta.

Ya janye. Yatsan ya kwanta, na'urar ta yi tsit. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya ɗago.

"Likita, takardar nan da za ka rubuta, dole ne sai maigidana ya gani?"