Ruwan boilar gidan Dakta

Har in koma ga Allah ba zan manta da kwanakin da ruwan boila, na'urar ɗumama gida, ya kusa zubar da sunan maigidana ba, Allah ya jiƙansa. Ni ban yi boko ba, 'yata Rabi ce take rubuta abin da nake faɗa, saboda ku da Malam, maigidan nawa, ya koya wa sana'ar gyaran boila. In ta tsaya da rubutu, kuka ne ya ci ƙarfina.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kansul, wato hukumar gari, ta daina ba ƙananan masu gyara irinsa aiki. Malam ya koma dogaro da gidajen mutanenmu, wannan ya gaya wa wancan. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, sai na riƙa binsa ina hawa bene a madadinsa. Ya sa mini suna Injiniya. In na yi kuskure sai ya ce digirina na jabu ne.

Cikin tsananin sanyi wani likita ɗan Kano ya kira mu daga unguwarmu Longsight ta Manchester har Birmingham, a sa masa sabuwar boila, don mahaifiyarsa ta zo jinyar ƙafa.

Ga wanda bai sani ba, ba a kunna boila sai an cika ta. Da farko a wanke bututu har ruwa ya fito fes. A rufe mazubar ƙasa, a zuba maganin tsatsa, sannan a buɗe famfon cikawa a hankali ana kallon allurar agogon da ke jikinta. Lambobin ba na iya karantawa, amma na san kore. In allura ta hau kore, sai a bi hita, ƙarafan da ke ɗumama ɗakuna, ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli, daga ƙasa zuwa sama, a sassauta har iska ta gama huci ruwa ya tsarto, a ɗaure. Allura za ta sauka, a ƙara ruwa, a duba kowace gaɓa, a rufe famfo. Sannan a kunna.

Haka muka yi. Da gida ya ɗumama na sake hawa ɗakin Hajiya, mahaifiyar Dakta, na fitar da sauran iska daga hitarta. Tana zaune tana kallona. Ruwa ya tsarto a tsummana, ta taɓa, ta ce ashe da ɗumi. Muka ɓata lokaci muna hira, na sauko.

Bayan kwana uku Dakta ya bugo waya, boila ta mutu, allura ta faɗi. Muka je, Malam ya laluba kowace gaɓa, ko ɗigo babu. Ya cika, muka dawo. Bayan kwana uku, haka. Zuwa na uku fuskar Dakta ta canza. Ya ce a bayansa akwai gidaje da yawa da ke jiran ya ce musu aikin ya yi kyau, amma yanzu zai kira wani kamfani su ɗaga katakon falo su nemo yoyon. Malam ya rufe famfo. Shekara talatin ba a taɓa kiran wani ya duba aikinsa ba.

Malam ya ce in hau in sake duba hita na sama. Na yi sallama a ɗakin Hajiya, na tarar da ita a kan kujera gaban hita, buta a ƙasa, ɗan makullinmu a hannunta, ruwa yana zuba siriri. Makullin da na yi kwanaki ina zargin Malam da ɓatarwa, ashe ni na bar shi a bakin taga.

Ta yi murmushi ta ce, "Maman Rabi, Allah ya yi wa mijinki albarka. Tunda ya sa mini famfon nan ban ƙara sauka alwala ba."

Banɗakin gidan a ƙasa yake, ga ƙafa, ga matakala, kuma ba ta son damun surukarta sau biyar a yini. Na zauna kusa da ita na yi mata bayani cewa ruwan nan a ƙirge yake, zagayawa yake yi, in an ɗebi buta ɗaya boila sai ta ji. Ta rufe baki da mayafi.

Na sauko. In na yi shiru sunan Malam ya tafi, in na faɗa na kunyata tsohuwa gaban ɗanta. Sai na ce wa Dakta ba yoyo ba ne, laifina ne, ni na bar makulli a inda bai kamata ba. Ya ce makulli shi kaɗai yake buɗe kansa? Kafin in amsa muka ji muryar Hajiya daga kan bene.

"Kai Aminu, bar mutane su sarara. Ni ce yoyon."

Dakta ya zauna a kan matakala ya riƙe kai, ya yi ta ba Malam haƙuri. Da Hajiya ta ji akwai magani a ruwan sai hankalinta ya tashi, ta tambayi Malam yaya sallolinta na kwana tara.

Malam ya ce, "Hajiya, ni iyakar karatuna allura ta hau kore. Wannan sai liman."

Ya sake cika boilar, muka jira har la'asar, allura ba ta motsa ba. Surukar ta kai fulas ɗin ruwan ɗumi sama. Gidajen nan da Dakta ya ambata kuwa duk Malam ne ya yi musu aiki. A mota ya ce daga yau an rage mini muƙami, muka yi dariya har Manchester.

To 'ya'yana, in ruwa yana ɓacewa ba ku ga jiƙa ba, kada ku yi saurin ɗaga katako. Ku gaisa da mutanen gida, ku tambayi wanda ke kwana a kowane ɗaki da abin da ke ba shi wuya. Ku ƙirga kayan aikinku kafin ku fita. Yanzu tawa boilar in ta faɗi ni nake cika ta da kaina, daidai, ba kuskure. Sai dai babu mai tsayawa a bayana ya ce na yi sauri.