Zuciyar Sa a Aji Shida

Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, babana bai taɓa yanka shanu kamar lokacin ba. Mahauci ne a Talata Mafara, ga leburori da direbobin katafila sun cika gari, kowa nama yake so. Ni nake wanke kayan ciki a gida, don haka tun ina aji shida na san huhu da hanta da saifa kamar yadda na san ƙannena.

A makarantarmu duk Laraba in za a yi darasin kimiyya, mu 'yan mata sai a tura mu gindin darbejiya wajen malamar girki. Wata Laraba malamar ta tafi bikin suna a Bakura, aka bar mu a bayan aji. Malamin kimiyya, wani dogo mutumin Maradun, ya zana zuciya a allo, ya raba ta gida huɗu daidai wa daida.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. "Malam, ba haka take ba. Gefe guda ya fi kauri."

Maza suka bushe da dariya. Malam ya ce, "Ke a ina kika gani?"

"Gidanmu, kullum."

"To gobe ki zo da ita."

Da na faɗa wa Baba ya ce, "Mi za su yi da zuciya a makaranta? Dahuwa?" Na ce karatu. Ya yi dariya har da tari, amma ta babban sa ya zaɓo mini, ya ba ni ƙaramar wuƙarsa.

Washegari malamar girki ta tare ni a ƙofa, ta ɗaga faifan kwanon, ta ce, "Madalla, yau farfesu!" Da ƙyar Malam ya ƙwato mu, ni da zuciyar.

Rezarsa ta kasa, sai ni na tsaga da wuƙar Baba. Aka yi cincirindo a teburin. Malam ya daɗe yana latsa naman da yatsa, sannan ya ce shi ma a littafi kaɗai ya taɓa ganin cikinta. Ya bayyana mana cewa gefen hagu ne ke tura jini ko'ina a jiki, shi ya sa ya yi kauri. Na daɗe da sanin kaurin, amma ban taɓa tunanin yana da dalili ba. Yanzu da nake koyar da ɗaliban likitan dabbobi a jami'a, da tambayar dalilin wannan kaurin nake fara musu. Malam ya goge zanensa, ya miƙo mini alli.

A ranar ya je wajen hedimasta. Aka mayar da girki Alhamis, muka daina fita. Laraba ta gaba idon saniya ya ce in kawo, har biyu, domin malamar girki ta ce ita ma za ta shigo ta gani.