Mai Taga Ya Bar Teburinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Safar, Allah ya karɓi ran abokin aikina, mai zanen gidaje, wanda ofishinmu duka ke kira Mai Taga. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba.

Yaya, sunan nan ka samo shi ne saboda ba ka zana ɗaki sai ka ba shi taga biyu. Masu gidajen kuwa su zo su ce a toshe ɗaya, a mayar da tsakar gida shagunan haya. Sai ka ce "To, Alhaji," ka ɗauki magogi.

Ba na manta ranar da wani ɗan kasuwa ya sa na rushe zanen da na fi ji da shi, har ya ce ɗansa na firamare ma zai fi ni. Na fita na zauna a matakala, na ƙudura barin aikin. Ka biyo ni da shayi, ka zauna a ƙasa da farar rigarka.

"Ƙanena, gidansa ne ya gyara," ka ce. "Kai bai taɓa ka ba. Tashi, kada masu wucewa su ɗauka mu ne masu gadi."

Na yi dariya, na koma. Haka ka riƙa ɗaga duk wanda aka kayar a ofishin nan. Idan shugaba ya tashi faɗa, kai ke shiga gaba ka ce kuskuren naka ne.

Sai a zaman makoki na ji abin da ka ɓoye mana. Matarka ta ce duk ranar da aka sauya maka zane, abinci ba ya shiga bakinka. Kakan zauna a bakin gado da takalma a ƙafa, ka ce mata, "Anya na iya wani abu kuwa?" Kullum kana cewa za ka ajiye aikin, amma ga makarantar yara, ga jinyar mahaifiyarka. Da safe ka sake hawa wannan matakala, ka zauna tsakanin bango da injin buga takardu, kana yi mana murmushi. Maganin da ka ba mu, kai bai yi maka aiki ba, mu kuma ba wanda ya tambaye ka.

Jiya mutumin ƙarshe da ka zana wa gida ya zo. Ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce yana so a rage falon. Ni aka miƙa wa zanen. Na rage, Yaya.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ga Inna mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Ya sanar da su darajar mutumin da suka rasa, tunda shi ya tafi yana shakkar ta. Amin.