Kawu Ya'u da Fim Ɗin da Ba Ya Magana

Shekara arba'in da biyar ke nan da muka kai Kawu Ya'u makwancinsa a nan Jidda. Yayan mahaifiyata ne. Mutanen unguwarmu ta Karantina sun san shi da dako a kasuwar Bab Makka. Kaɗan ne suka san ya taɓa zama ɗan wasan fim a Masar.

A hanyar hajji aka haife shi. Guzuri ya ƙare wa iyayensa a Sudan, neman abinci ya kai su Alƙahira. Yana ɗan shekara bakwai wani mai ɗaukar fim ya gan shi yana kwaikwayon tafiyar wani tsoho, ya sa shi a wasa. Lokacin fim ba ya magana, fuska ce ke aiki, shi kuwa da an ce ya yi kuka sai hawaye. Ya fito a guda uku. Da murya ta shigo, aka ce Larabcinsa da Hausa a ciki, ga shi ya yi tsawo. Halas, shi ke nan. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A shekarar ce kuma mahaifiyarsu ta rasu wajen haihuwar tawa mahaifiyar, Hajara. Daga baya suka ƙaraso Jidda, suka zauna.

Da bayansa ya gaji da dako, ya samu aikin juya majigi a wani tsakar gida a unguwar Bagdadiyya, inda ake haska finafinan Masar. Wata rana da hantsi, ina bakin aikina na tuƙin tasi, ya aiko in kawo masa mahaifiyata maza. Mun same shi a ɗakin ajiya, ya toshe taga da buhu. Ashe cikin tsofaffin gwangwanayen fim ya tsinci ɗaya daga cikin nasa.

Ya haska a bango. Ga yaro yana kuka a kasuwa.

"Ba ni za ki kalla ba, Hajara," in ji shi. "Dubi mai tulun can a bayana. Inna ce."

Matar ta waiwayo sau ɗaya, ta wuce. Mahaifiyata, mai shekara arba'in da 'yan kai, ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba sai ranar. Ta tashi ta dafa bangon. Sau huɗu ya mayar mata, a na biyar fim ɗin ya tsinke, ya ruɓe ba ya ɗinkuwa.

Yau jikokina na ɗaukar hoton abincinsu a waya, su goge kafin la'asar. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Karantinar ma an rushe ta, ban iya gane inda ƙofarsa take ba.

Bai mutu ya bar gida ba, ba a kuma rubuta sunansa a fim ko ɗaya ba. Amma har mahaifiyata ta koma ga Allah, in aka ce 'yata Safiya ba ta yi kama da kowa a dangi ba, sai ta ce, "Da Inna ta yi kama. Na gan ta."

Allah ya jiƙansu baki ɗaya.