Kwallin da Na Sa wa Takwarata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a wani ƙauye kusa da Kanya Babba a ƙasar Babura, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Maigidana ya rasu, 'ya'yana sun girma, kuma a unguwarmu ni ake aiko wa idan yaro ya tashi da zazzaɓi. Na haifi tara, bakwai na raye, don haka a ganina babu abin da wata yarinya mai fararen kaya a asibiti za ta koya mini game da raino. Ga ni da baki. Idan na yanke magana a gidana ta zauna, ɗana babba ma ba ya tanka mini, balle matarsa.

Matar tasa yarinya ce mai sanyin hali, 'yar Roni, ta ɗan taɓa boko. Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata sunana. Da lokacin yaye ya yi aka kawo mini takwarata ɗakina kamar yadda aka saba, zamanta ke nan a wurina. Kun dai san al'adarmu a kan 'yar fari: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, ko faɗuwa ta yi sai uwar ta kau da kai wani ya ɗaga ta. Surukata ta riƙe wannan kunya sosai, ni kuma ina yabonta a kai a gaban mata. Sau ɗaya ta taɓa yi mini zancen allurar rigakafin wata tara, tun yarinyar na goye, na ce ana tsakiyar aikin gyaɗa, a bari a ɗan huta. Ba a huta ba har zancen ya bi ruwa.

Da bazara, ɗana ya tafi cin rani Kudu, sai jikin takwarata ya yi zafi rau. Hanci na zuba, ga tari, idanu sun yi jajir suna hawaye, ba ta son ganin haske. Na buɗe bakinta na ga 'yan ɗige-ɗige farare a cikin kumatu kamar an barbaɗa gishiri. Nan take na gane. Ban daɗe ina jira ba ƙuraje suka fito ta bayan kunne da gefen goshi, suka gangaro fuska, suka bi wuya da ƙirji har ƙafafu. A wurinmu ba a kiran kyanda da sunanta, sai dai a ce an yi baƙo, ko baƙon dauro. Kuma baƙon nan yana da dokoki, duk na haddace su tun ina budurwa. Ba a fita da yaro iska ta buge shi, ba a yi masa wanka, ba a ba shi nama ko ƙwai ko abu mai maiƙo, uwa-uba ba a yarda allura ta taɓa shi, wai ƙurajen za su koma ciki su kashe shi. Na toshe taga da tsumma, na lulluɓe ta da bargo a cikin wannan zafi, ina ɗura mata jiƙon tsamiya da tsinkakken koko.

Kullum da safe surukata za ta zo gaishe ni, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta tambayi yadda na kwana, ta tambayi mai jiki ba tare da ta kalli gadon ba. Amma ina ganin yadda take satar kallo ta wutsiyar ido. Ran nan ta yi ƙarfin hali, kanta a ƙasa, ta kira ni Inna da wata irin murya, ta ce ko za a taimaka a kai yarinyar nan asibitin Babura, don tarin yana shigowa har ɗakinta. Wallahi yau ina jin nauyin abin da na mayar mata. Na ce ashe 'yan matan yanzu ido ya buɗe, har uwa ta iya tsayawa gaban uwar mijinta tana rawar jiki a kan 'yar fari. Na ce ni da na raini tara ba ita za ta nuna mini baƙo ba. Ta ba ni haƙuri, ta tashi ta koma turminta. Ina jiyo dakan yana tsayawa yana ci gaba.

Daga nan al'amari ya fara sauyawa, amma ni ina fassara komai yadda ya yi mini daɗi. Zawo ya zo, na ce datti ne ke fita. Bakinta ya yi gyambo ta daina karɓar koko, na ce baƙo ba ya son abinci. Numfashinta ya koma sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, na ce ai ciwon ya kai ƙarshe ne, sauƙi na tafe. Idanun kuwa sai suka manne da kwantsa, ba ta iya buɗe su. A nan ne na ɗauko tandun kwallin da na gada wurin mahaifiyata, wanda da shi aka buɗe idon yara da yawa a danginmu. Na ware fatar idon da yatsa, tana ihu tana fizge-fizge, na zizara mata a na dama. Na hagun ta ƙi tsayawa, na ce a bar shi sai ta yi barci. Na maimaita na daman har ya fi sau ɗaya.

Wata safiya surukata ta shigo, ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta wuce ni ta yaye bargon, ta kira yarinyar da ainihin sunanta, sunana ke nan, abin da ban taɓa ji a bakinta ba. Yarinyar ba ta motsa ba sai ƙirji da ke sama da ƙasa. Ta saɓa ta a baya, ta zura hijabi, ta ce Inna ki yafe mini, ta fita. Na bi ta har ƙofar gida ina faɗa, amma ni ma na ga abin da ta gani da hasken rana ya sauka a fuskar yarinyar. Ta tare ɗan acaɓa, ni ma na tare wani na bi bayansu.

A asibiti aka ce ciwon ya sauka a huhu, jikinta kuma ya bushe. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allurar da nake tsoro, aka yanke bakin wani ɗan ƙwanso na bitamin A aka ɗiga mata a baki. Ƙuraje ba su koma ko'ina ba. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa sa'ata, ta wanke idanun a hankali, ta daɗe tana duba na daman, sannan ta tambaya me aka sa a ciki. Ni mai baki, ranar nan sai na sunkuyar da kai. Surukata ce ta amsa, ta ce kwalli muka sa mata. Muka, ta ce, ita da ko ɗakin ba ta isa shiga ba. Matar ta yi mana bayani ba tare da faɗa ba, cewa kyanda kan busar da ido har ya yi rauni, kwallin kuma ya goge raunin ya kai masa datti. Aka ceto ranta, aka ceto idon hagu. Na dama mun je har asibitin ido a Kano, amma hakiya ta riga ta rufe shi fari fat.

Da ɗana ya dawo matarsa ta ce masa kyanda ce, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, har yau. Ni na faɗa masa gaskiya da bakina, ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ta biyo. Kuma sai a lokacin na zauna na tuna 'ya'yana biyu da suka rasu. Dukansu baƙon nan ne ya tafi da su, a ɗaki mai duhu, a ƙarƙashin bargo. Shekara da shekaru ina ƙirga bakwai ɗin da suka rayu a matsayin shaidar gwanintata, ban taɓa tambayar kaina game da biyun ba.

Don haka 'yan'uwana kakanni, da ku nake. A kai yara rigakafi a kan lokaci, gyaɗa za ta jira. Idan kun ga zazzaɓi da tari da jan ido, ko da ƙuraje ba su fito ba, a nufi asibiti, a kuma raba yaron da sauran yara. Idan ya kai ga numfashi da sauri, ko ƙin ci da sha, ko zawo, ko jijjiga, ko ido ya manne, to ko takalmi kada ku tsaya nema. Kada ku sa komai a idon. Idan kuma uwar ɗan fari ta cire kunya ta yi muku magana, ku sani abin ya ci ranta ne, ku saurare ta.

Takwarata yanzu budurwa ce, tana sakandare a Kazaure, ga surutu kamar ni. Tandun tuni na jefa shi masai. Amma duk sallah, idan ta gama kwalliya, sai ta kawo mini nata kwallin na kanti, don in ta rufe idon hagu za ta sa masa, ba ta ganin madubi. Sai ta durƙusa a gabana ta ɗago fuska ta ce in sa mata. Hannuna ya yi ta rawa, ita kuma tana dariya tana cewa tsufa ya kama takwara. Nakan ce mata haka ne, tsufa ne.