Cigiyar Kawu Lasifika

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, hayar lasifika yake bayarwa, shi ya sa kowa ke ce masa Kawu Lasifika, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, cike da wayoyi a cukurkuɗe da tsofaffin batura. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa a bakin aiki, don haka ko sirri zai gaya maka sai maƙwabta sun ji. A wurin taro kuwa ba wanda ya kai shi iya cigiya. Yaro na ɓata, zai siffanta shi tun daga tabo har takalmi, sai an kawo shi.

Autarsa ce ta bi mijinta cikin wata ƙungiyar addini da ta kewaye kanta da katanga a bayan gari. Dangi suka ce ya cire ta a ransa. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyar da hukuma, aka yi harbe-harbe, kowane ɓangare ya rasa rayuka. Gwamnati ta yanke musu ruwa da wuta, ta jibge sojoji, ta ba da wa'adi: su fito, ko a shiga da ƙarfi. Na ciki kuma shugabanninsu sun gaya musu duk wanda ya leƙo ƙofa harsashi ne rabonsa.

Da wa'adi ya kusa cika, aka ɗauko Kawu da kayansa don a karanta gargaɗin ƙarshe. Mu dangi muna bayan igiyar da sojoji suka gitta don tare jama'a. Ya ɗaure lasifikokin a kan mota, ya juya su wajen katangar. Babban jami'in sojojin ya miƙo hannu a ba shi makirfo.

"Ranka ya daɗe, bari in gwada tukuna," in ji Kawu.

Ya hura makirfo. "Cigiya, jama'a! Ina cigiyar 'yata. Doguwa ce, mai wushirya, da tabon ƙuna a hannun dama. Ba ta jin magana, ni ta gado. Tana goye da jikana da ban taɓa gani ba. Auta, Babanki ne! Ina bakin ƙofa. In harbi za a yi, da ni za a fara."

Jami'in ya daka tsawa a ƙwace makirfon. Kafin a taɓa Kawu, wata tsohuwa ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya tana cewa, "Ɗan nan, ni ma ina da cigiya!" Jami'in ya dube ta. Ban taɓa zaton bakina zai yabi mutumin nan ba, amma gaskiya ɗaya ce: ya sa aka sauke bindigogi, ya ce iyaye su yi layi.

Aka yi ta cigiya har muryoyi suka dishe. Can sai ƙaramar ƙofar katangar ta motsa. Mata da yara suka fara fitowa, leɓuna a bushe, sannan maza, hannuwa a sama. Waɗanda suka mutu ba cigiyar da za ta dawo da su, amma daga ranar ba a ƙara harbi ba.

Auta ta fito can baya tana jan ƙafa. Kawu ya yar da makirfo ya ruga. Ta durƙusa.

"Baba, ka yafe..."

"Tashi, tashi," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Juyo min goyon nan in gani."